Huhu Ba Ya Sake Toho

Edita ya nemi ko wane ɗalibi ya rubuto wani abu da ya gani da idonsa lokacin hutu, wanda zai amfani jama'ar kwaleji. To, ni abin da na gani ba mai daɗin ji ba ne, amma ina tsammani ya fi duk wani labari da zan iya ba ku amfani. Sabo da haka ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi haƙuri su karanta har ƙarshe.

Ni mutumin Karshi ne. Ga waɗanda ba su san ta ba, Karshi tsohon gari ne na Gwandara a cikin ƙasar Abuja, kusa da iyakar Jihar Nasarawa. In ka taso daga Nyanya ka bi ta Karu, da Jikwoyi, da Orozo, sai ka iske ta a tsakanin duwatsu. A can gwaggona ta ke, ƙanwar ubana, wadda ta goye ni. Shekara talatin da wani abu tana tuyar ƙosai da safe, da yamma kuma ta yi tuwon sayarwa. Da kuɗin ƙosan nan ta biya mini makarantar mishan, da su kuma ta saya mini akwatin da na zo da shi kwalejin nan.

Dā gwaggo kan hau dutse ta sauko da dammin itace ba ta ko tsaya ba. Amma da na je hutu sai na tarar daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin rijiya sai ta tsaya sau biyu tana haki. Kullum da asuba tari ke tashe ta, ta yi ta fid da kaki. Waɗansu suka ce tsufa ne, waɗansu suka ce sanyi ne ya kama ta. Waɗansu kuwa suka fara raɗa cewa tarin fuka ne, har masu sayen ƙosai suka soma janye jiki. Muka kai ta asibiti aka auna kakinta, aka ce ba tarin fuka ba ne. Daga nan aka tura mu wani babban asibiti cikin birni. Can aka ba ta wani bututu aka ce ta cika ƙirjinta da iska, ta hura iyakar ƙarfinta.

Da likita ya duba sakamakon sai ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba?"

Gwaggo ta ɓata rai, ta ce, "Ni? Haba ɗan nan! Ko kara ɗaya bai taɓa shiga bakina ba."

Ya ce, "Da me ki ke girki?"

Ta ce, "Da itace mana."

Ya ce, "Ɗakin girkin yana da taga?"

Muka yi shiru, gama ba shi da ita. Likita ya ajiye alƙalami, ya ce, "To, Mama, ai tabarki ke nan."

Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu a kan wannan ciwo. Ga abin da na samo.

YADDA HUHU YA KE AIKI

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga huhu: abu ne mai laushi kamar soso, kashi biyu, dama da hagu. A ciki kuwa kamar itace ya ke wanda aka kifar, gindi a sama, rassa a ƙasa. Gindin shi ne maƙogwaro. Daga nan ya rabu manyan rassa biyu, su kuma su yi ta rabuwa suna ƙanƙancewa, har su zama sirara kamar gashi. A ƙarshen ko wane reshe akwai 'yan jakunkuna na iska, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Babban mutum yana da tsakanin miliyan 300 zuwa miliyan 500 na jakunkunan nan. A cikinsu ne iska mai kyau ke ratsawa ta shiga jini, gurɓatacciya kuma ta fito.

Babban mutum da ke zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, watau kimanin sau 20,000 a yini da kwana. Mutum ya iya zaɓen abin da zai ci, ya iya ƙin ruwan da bai yarda da shi ba, amma iskar da ke gabansa tilas ya shaƙe ta. Domin haka Allah ya sa wa hanyoyin numfashi masu shara. Akwai majina mai kama ƙura, akwai kuma waɗansu 'yan gasu ƙanana da ke kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya, suna turo dattin sama a tofar ko a haɗiye.

ABIN DA HAYAƘI KE YI

In hayaƙi ya shiga sau ɗaya, masu sharan nan su kan share shi. Amma in kullum ne, shekara da shekaru, sai ɓarna iri biyu ta auku. Ta farko, tsintsiyar ta gaji, hanyoyin iska su kumbura su ƙuntata, majina ta yi yawa ta cushe su. Shi ke kawo tari da kaki. Ta biyu, bangon 'yan jakunkunan nan ya yayyage, su saki kamar tsohon danƙon harbi wanda aka ja har ya daina komawa. Sa'an nan iska ta shiga amma fitarta ta yi wuya, tsohuwar iska ta maƙale a ƙirji, sabuwa ta rasa wurin zama.

Wannan shi ne ciwon toshewar huhu mai daɗewa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffa huɗu, COPD. Wanda ya ke so ya ɗanɗana yadda mai shi ke ji, ya cire ruwan bironsa, ya sa bututun a baki, ya toshe hanci, ya yi numfashi ta ciki na minti ɗaya yana tafiya. Kai ka iya cire bututun in ka gaji. Gwaggo ba ta da ikon cirewa.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. In ka yanke, fata ta kan warke. In ka karye, ƙashi ya kan ɗoru. Itace ma in an sare shi ya kan yi toho. Amma jakar huhu in ta yage ba ta sake fitowa. Daɗin daɗawa, ciwon ɓarawo ne mai sanɗa. Huhu yana da ajiya mai yawa, sabo da haka mutum zai yi shekaru ana ci masa ita bai sani ba. Galibi sai an ba shekara 40 baya alamu ke bayyana, lokacin kuwa an riga an yi nisa.

Kada mu rikita shi da waɗansu cututtuka biyu. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, kuma yana warkewa sarai in an sha magani wata 6 ba fashi. Awonsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Asma kuwa ta kan taso ta lafa, sau da yawa tun ƙuruciya ta ke farawa. Amma toshewar huhu ba a ɗaukarta a ƙwarya ko a kofi, ba ta kuwa warkewa, sai dai a rage mata gudu. Waɗanda suka guji ƙosan gwaggo sun guje shi a banza. Duk da haka cututtukan nan suna da dangantaka, gama tarin fuka ya kan bar tabo a huhu, asma kuma in ba a kula da ita ba, duka biyu suna share wa toshewar huhu hanya.

GIRMAN AL'AMARIN

Kada wani ya ce wannan ciwon tsohuwa ɗaya ne a Karshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ya kashe mutum kimanin miliyan 3.5, watau shi ne na huɗu cikin manyan abubuwan da suka kashe mutane a duniya a shekarar nan. Cikin waɗanda ya kashe kafin su kai shekara 70, kusan 9 cikin 10 mutanen ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali, irin tamu. A nan Nijeriya, likitoci sun auna numfashin mutane masu shekara 40 zuwa sama a Ile-Ife, suka buga sakamakon a 2016: kusan mutum 8 cikin 100 hanyoyin iskarsu sun riga sun toshe. Ku duba taron biki ko na jana'iza a garinku, ku ƙirga dattawa ɗari, ku yi lissafi da kanku.

INDA ƁARNAR KE FITOWA

Na farko, taba. Tun 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar sigari da sankarar huhu. A 1977 kuma Charles Fletcher da Richard Peto suka bayyana abin da suka gani bayan an bi ma'aikata maza a Landan shekara 8 ana auna numfashinsu. Ƙarfin huhun kowa yana raguwa kaɗan kaɗan da shekaru, amma na waɗansu mashaya taba gangarowa ya ke yi da gudu. Wanda ya daina, abin da ya ɓata ba ya dawowa, amma gudun ya kan ragu har ya kusa zama daidai da na sauran mutane. Watau ba a makara da dainawa. A ƙasashe masu arziki taba ce ke kawo fiye da kashi 70 cikin 100 na ciwon nan. A ƙasashe irin tamu kuwa kashi 30 zuwa 40 ne. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2012 ta nuna namiji 1 cikin 10 ke amfani da taba, mata kuwa 1 cikin 100. Ina kuma jan kunnen samarinmu game da shisha. Ruwan da ke cikin tulun ba ya wanke dafin, sanyaya hayaƙin kawai ya ke yi, ƙanshin kuwa yaudara ce. Wanda ke zaune kusa da mashayi shi ma yana shan rabonsa.

To, in taba ba ta kai rabi ba, sauran fa? Shi ya kawo mu ga na biyu, watau murhu. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kimanin gida 2 cikin 3 a Nijeriya da itace, ko gawayi, ko kara, ko makamantansu su ke girki. Hayaƙin itace yana ɗauke da ƙura mai laushi wadda ta fi gashin kai sirantaka nesa ba kusa ba, ita ce ke wuce masu shara ta kai can ƙarshen huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, cikinsu da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Wa ke bakin murhu? Uwa, da 'yarta mai taya ta, da jaririn da ke goye a baya. Ga mai ƙosai da mai waina, ga mai suyar garin rogo da mai ƙuli-ƙuli, ga mai dafa daddawa, ga mai tsire da mai gidan burodi. Mun saba da ganin idon iyayenmu mata yana hawaye a madafa har mun ɗauka haka Allah ya yi girki.

Na uku, ƙurar wurin sana'a. Abuja gari ne da a ke ginawa kullum, dutsen ginin kuwa mutane ke fasa shi, kamar yadda a ke yi a Mpape. Ƙurar dutse mugunya ce, har tana da nata ciwon dabam mai sa huhu ya taurare. Haka masu buga bulo da masu sauke siminti, da masu injin niƙa, da kafintoci, da masu walda, da manomi ran sussuka da shiƙa.

Na huɗu, iskar gari. Muna ƙona shara da leda a ƙofar gida, ana babbaka da tsohuwar taya, ana cinna wa daji wuta da kaka, ga hayaƙin janareta da na tsofaffin motoci a cunkoson hanyar Nyanya. In hunturu ya zo kuma iska ta kwaso ƙura daga hamadar Cadi ta zuba mana, lokacin ne masu ciwon ƙirji ke shan wuya. Wanda ke shakkar cewa iskar gari na kisa, ya tuna da Landan. A watan Disamba 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin kwana 5. Da farko aka ƙirga mutum 4,000 da suka mutu, daga baya masana suka ce sun kai wajen 12,000. Wannan ne ya sa aka kafa dokar tsabtace iska a can a 1956.

Na biyar shi ne wanda ya fi shafarmu mu malamai, watau ƙuruciya. Huhu ba ya gama girma sai mutum ya kai shekara 20 zuwa 25. Yaron da aka haifa ba nauyi, ko ya sha fama da ciwon haƙarƙari, ko yunwa, ko ya tashi cikin hayaƙi, huhunsa ba zai kai inda ya kamata ba. Kamar manomi ne wanda ya shiga rani da rabin rumbu: ko bai yi almubazzaranci ba, hatsinsa zai riga na maƙwabcinsa ƙarewa. Ashe ciwon da ke kwantar da mutum yana ɗan shekara 55, sau da yawa tun yana aji uku aka shuka shi.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai magana ce mai sauƙi. Ka san kuɗin gas kuwa?" Na sani. Gas da lantarki su ne suka fi tsabta, wanda ya ke da hali ya koma gare su. Amma tsadar da gas ya yi a 2023 da 2024 ta mai da gidaje da yawa ga gawayi da itace. Sabo da haka bari in fara da abin da ba ya cin ko kwabo.

A fid da murhu waje, ƙarƙashin rumfa, inda iska ke wucewa. In tilas a ɗaki za a yi, a fasa taga a sama daura da ƙofa, gama hayaƙi sama ya ke nema. A faskara itace a shanya shi ya bushe sarai, ɗanye ya fi hayaƙi. Kada a hura wuta da leda ko roba ko tsohon takalmi. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun da dare, don a rage zama bakin wuta. A sauke goyo a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Da hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, kada kuma a kunna janareta a ɗaki ko a zaure ko gindin taga, gama su biyun nan suna fid da wata iska marar launi marar wari wadda kan kashe mutanen ɗaki duka cikin barci. A kwana cikin gidan sauro maimakon kunna maganin sauro mai hayaƙi. Turaren wuta ma a yi shi da ƙofa buɗe.

Sa'an nan ga abin da ke cin kuɗi kaɗan: bututun fid da hayaƙi, da murhun zamani mai rage cin itace. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, mutane sun daɗe suna ƙona kwal a rami tsakar ɗaki. Da suka koma murhu mai bututu, binciken da aka buga a 2005 ya nuna ciwon toshewar huhu ya ragu ƙwarai a cikinsu, maza da mata. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa sabon murhu kaɗai ya isa. A Malawi an raba wa ƙauyuka murhun zamani, aka bi yara fiye da 10,000 har shekara 2, sakamakon da ya fito a 2016 kuwa bai nuna ciwon haƙarƙari ya ragu ba. Darasin da na ɗauka shi ne, huhu ba ya tambayar daga ina hayaƙi ya fito. In ka gyara murhu ka bar juji na ci a bayan ɗaki, ka toshe ƙofa ɗaya ne ka bar uku.

Masu aikin ƙura kuma su yayyafa ruwa kafin su fara, su tsaya ta inda iska ke kwashe ƙurar daga gare su, su nemi takunkumi na ainihi wanda ke kama fuska sosai. Ƙyalle ko hankici yana tare tsakuwa ne kawai, mai laushin tana wucewa.

WANDA YA RIGA YA KAMU

Alamun su ne tari mai daɗewa, kaki kullum musamman da safe, haki a kan aikin da dā ba ya sa haki, numfashi mai ƙara kamar fito, da yawan ciwon ƙirji. Duk tarin da ya kai mako 2 a je asibiti a auna, a daina zaryar sayen ruwan maganin tari a kemis. In ba tarin fuka ba ne kuma bai tafi ba, a roƙi likita ya yi awon numfashi, irin wanda aka yi wa gwaggo. Ma'aunin nan ba sabon abu ba ne, tun 1846 wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya fito da shi, kuma da shi ne a ke tabbatad da ciwon.

Ko da ya ke ba ya warkewa, akwai taimako. Maganin shaƙa yana buɗe hanyoyin iska. Mutanenmu suna tsoronsa, wai in ka fara ba ka dainawa, ko wai alamar ajali ce. Ba haka ba ne, ya fi ƙwaya kai wa inda ciwon ya ke. Mai ciwon ya rabu da hayaƙi ko wane iri, ya riƙa tafiya kullum gwargwadon ƙarfinsa, gama zama wuri ɗaya ƙara raunana shi ya ke yi. Ya koyi shaƙa ta hanci, ya fitar a hankali ta baki a tsuke kamar mai hura koko. Ya tambayi likita allurar rigakafin mura da ta ciwon haƙarƙari. In haki ya tsananta, ko kaki ya sake launi, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

AIKIN MALAMI

Yanzu na zo kan dalilin da ya sa na kawo maganar nan cikin mujallar kwaleji. A makarantar mishan inda na yi firamare, ko wace safiya a kan jera mu a duba farce da haƙora da kai. An koya mana wanke hannu da tace ruwa, ina kuwa godiya. Amma ban tuna ran da aka ce mana hayaƙi cuta ne ba. Likita yana ganin mutum bayan rumbu ya ƙone. Mu ne ke tare da yaro sa'ad da huhunsa ke girma, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Lokacin koyarwar gwaji na jarraba wani abu da 'yan aji biyar. Na yayyanka farin ƙyalle na ba kowa biyu, na ce ɗaya a rataye a madafa, ɗaya a ɗakin kwana, bayan kwana uku a kawo. Da suka kawo muka jera su a kan tebur. Ban yi dogon bayani ba, ƙyallayen suka yi mini. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, haka cikin ƙirjin innata ya ke?" Ajin ya yi tsit. Darasin nan bai ci mini kome ba sai tsohuwar riga ɗaya.

Ga waɗansu abubuwa da ko wane malami zai iya. A yayyafa ruwa kafin yara su share aji ko fili. A goge allo da ɗanyen tsumma. A buɗe tagogi. Kada a ƙona sharar makaranta yara na cikin aji, ganye a haƙa rami a binne ya zama taki. Yaron da ke tari mako 2 a kira iyayensa. Mai asma kada a ce masa rago in ya kasa gudu, kada kuma a sa shi sharar ƙura. A tambayi iyaye ko ƙannen yaran sun cika allurar rigakafi, gama ƙyanda da tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari duk masu raunana huhu ne.

Malami kuma kada ya sha taba, balle ya aiki yaro sayenta. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana shan taba a harabar makaranta da asibiti. Kowa ya san a bakin titi ba a cika bin dokar nan ba, amma a makarantar da ka ke koyarwa kai ne mai tsaronta. Akwai kuma ranaku da za mu riƙa tunawa a taron safe: 31 ga Mayu ranar yaƙi da taba, 24 ga Maris ranar tarin fuka, da Laraba ta uku a watan Nuwamba, ranar ciwon toshewar huhu, wadda aka fara a 2002. Ina ba ƙungiyar ɗalibai shawara mu yi wasan kwaikwayo a kan wannan a Nuwamba mai zuwa, mu gayyaci matan da ke dafa mana abinci su zauna a sahun gaba.

Gargaɗi ɗaya kawai. Kada mu koya wa yaro ya koma gida yana raina madafar uwarsa. Ba jahilci ya sa ta zama cikin hayaƙi ba, neman abin da za ta ciyad da shi ne. A koya masa ya ce, "Inna, bari in taya ki fid da murhu waje," ya faskara itace, ya riƙe ƙanensa. Maza kuma su sani fasa taga da kafa rumfa aikinsu ne. Wanda ke cin tuwo yana da hakki a kan hayaƙin da aka sha wajen tuƙa shi.

Kafin in dawo daga hutu, ni da ƙanena muka fasa taga a ɗakin girkin gwaggo, muka kafa rumfa a waje muka mai da kaskon tuya can. Yanzu 'yarta ce ke tuya, ita kuwa tana zaune nesa a inuwar mangwaro tana karɓar kuɗi, abin shaƙarta ɗaure a bakin zane. Masu saye sun dawo. Tarin ya ragu, amma dutsen nan ba za ta sake hawansa ba. Ran da zan taso ta dubi tagar, ta ce, "Ɗan nan, ashe ɗan ramin nan ne kawai? Shekara talatin ba wanda ya gaya mini." Na rasa amsa, gama da kuɗin hayaƙin nan aka koya mini karatu, ni ma kuwa ban gaya mata ba, don ban sani ba.

Yanzu ni da ku mun sani. Roƙona ga ko wane ɗalibi shi ne, in ka je gida hutun nan, ka shiga madafa ka ɗaga kai ka dubi rufin. Ka sa yatsa ka shafo kunkunniyar da ke jikin azara, ka dube ta da kyau, ka tuna wadda ta shekara ashirin tana tsaye a ƙarƙashinta. Sa'an nan ka nemo diga ka fasa taga.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mana yaran da za a danƙa a hannunmu, amin.